Falalar Haɗuwa Ido Da Ido Ga Masu Aiki Tare Daga Nesa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam mai buƙatar ɗan'uwansa, ya kuma sanya albarka a cikin jama'a. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan wani al'amari ne da ya shigo cikin sha'anin neman abinci na wannan zamani, watau aikin da mutane ke yi tare alhali kuwa ba wuri ɗaya suke zaune ba. Za ka tarar da kamfani ko ƙungiya mai ma'aikata ashirin, wani yana Kano, wani yana Legas, wani yana Yamai, shugabansu kuwa yana Landan ko Dubai. Da kwamfuta da wayar hannu suke aikinsu, ta intanet suke aika wa juna takardu, in za su yi shawara sai kowa ya zauna gaban allonsa su yi magana ta Zoom ko WhatsApp. Irin wannan aiki ya daɗe, amma ya yawaita ne a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa hukumomi suka rufe ofisoshi da makarantu a ƙasashe masu yawa. Da annobar ta lafa, sai mutane da dama suka zarce a kan haka saboda sun ga sauƙinsa. Yanzu a garuruwanmu akwai samari da 'yan mata masu rubuta manhajar kwamfuta, da masu fassara, da masu lissafin kuɗi, da malamai masu koyar da Larabci ta waya, waɗanda za su yi shekara biyu ko uku suna aiki da mutum ba su taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba.

To, sai tambaya ta taso. Tun da aiki yana tafiya, albashi yana shiga, shin da sauran wani amfani a kashe kuɗi da lokaci a tara waɗannan mutane wuri ɗaya? Wasu masu kamfani suna ganin ɓarnar dukiya ce, wasu ma'aikata kuma suna ganin wahalar banza ce. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, aiki daga nesa halal ne kuma ni'ima ce, amma amana da ƙaunar da ke riƙe da shi suna tsufa kamar yadda tufa ke tsufa, haɗuwa ido da ido kuwa ita ke sabunta su. Shugaban da ya bar mutanensa shekara da shekaru ba su ga juna ba, alhali yana da iko, ya yi sakaci da wani sashe na kiwon da Allah zai tambaye shi a kansa.

AIKIN NESA BA BAƘO BA NE A MUSULUNCI

Kada wani ya zaci addini yana ƙyamar a gudanar da al'amura ta hanyar saƙo. Bayan sulhun Hudaibiyya, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya aika da wasiƙu zuwa ga sarakuna. Dihyatul Kalbi ya ɗauki ta Hiraƙlu sarkin Rum, Abdullahi ɗan Huzafa ya kai ta Kisra sarkin Farisa, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya kai ta Muƙauƙisu na Misra. Haka kuma ya naɗa gwamnoni da alƙalai da masu karɓar zakka a wurare masu nisan tafiyar mako da makonni daga Madina, suna aikinsu ba ya ganinsu.

Mu dubi biyu daga cikinsu. Kafin Hajin Bankwana, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya tura Mu'azu ɗan Jabal da Abu Musal Ash'ari (Allah ya yarda da su) zuwa ƙasar Yaman. Ƙasar ta kasu yanki biyu, kowanne da nasa, Mu'azu a wajen Janad, Abu Musa a wajen Zabid da gaɓar teku. Ya yi musu wasiyya da su sauƙaƙa wa mutane, su yi musu bushara, su kuma haɗa kai kada su saɓa wa juna. Ga ma'aikata biyu ke nan, aikinsu ɗaya, shugabansu yana nesa, su ma suna nesa da juna. Imamu Buhari ya ruwaito cewa duk sa'ad da ɗayansu ya fita rangadi a ƙasarsa ya zo kusa da iyakar ɗan'uwansa, sai ya ratsa ya je ya gaishe shi. Lafazin Larabcin da aka yi amfani da shi a ruwayar yana ba da ma'anar sabunta sani da alkawari, kamar dai abin da ke tsakaninsu zai tsufa in an daɗe ba a haɗu ba.

A ɗaya daga cikin waɗannan ziyarce-ziyarce Mu'azu ya zo a kan alfadararsa, suka zauna, ya tambayi Abu Musa yadda yake karatun Alƙur'ani. Abu Musa ya ce yana karanta shi kaɗan-kaɗan, lokaci bayan lokaci. Kalmar da ya faɗa an ciro ta ne daga tatsar raƙuma, watau a tatsa, a dakata nono ya taru, sa'an nan a sake tatsa. Shi kuma Mu'azu ya ce yakan kwanta a farkon dare, ya tashi bayan ya sami rabonsa na barci ya karanta abin da Allah ya hore masa, yana kuma neman lada a kan barcinsa kamar yadda yake nema a kan tsayuwarsa. Ka lura, ya ɗan'uwa, wannan zance ba ya cikin lissafin zakka ko shari'ar da aka turo su su yi. Wa zai ɗauki alƙalami ya rubuta wa abokin aikinsa takarda ta musamman yana tambayarsa yadda yake kwana? Irin wannan zance sai an zauna yake fitowa, ga shi kuwa har yau malamai suna cin amfaninsa. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

ABIN DA SAƘO BA YA ƊAUKA

Abu na farko da haɗuwa ke yi shi ne kashe mugun zato. Rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska. Yaro ya kwana yana aiki ya aika wa maigidansa, sai amsa ta zo da kalma ɗaya: gyara. Ya kwana na biyu cikin zullumi yana cewa an raina shi ko ana shirin korarsa, alhali maigidan mutum ne mai ƙarancin magana, wanda da ya faɗa da bakinsa da murmushi zai faɗa. Wani kuma ya aika da tambaya ya ga an karanta ba a amsa ba, sai Shaiɗan ya raya masa girman kai ne, bai san an ɗauke wuta a unguwar ɗan'uwansa ba, ko yana asibiti da ɗansa. Allah ya umurce mu a Suratul Hujurati, aya ta 12, da mu nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, a cikin ayar kuma ya haɗa da hana bincike da giba, saboda zato shi ke haifar da su. A aya ta 13 da ke biye sai ya ambaci hikimar rarraba mu al'ummu da ƙabilu, watau domin mu san juna. Duk wanda ka ci abinci da shi, ka ga yadda yake dariya da yadda yake shiru, in saƙonsa ya zo sai ka karanta shi da muryarsa, ka kuma nema masa uzuri. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Imamu Ahmad ya ruwaito hadisi daga Ibn Abbas mai ma'anar cewa jin labari ba ya zama kamar gani da ido. A cikinsa aka kawo misali da Annabi Musa (amincin Allah ya tabbata a gare shi). Allah da kansa ya ba shi labarin abin da mutanensa suka yi na bautar maraƙi, bai jefar da allunan ba, sai da ya zo ya gani da idonsa sa'an nan ya jefar. To, in labarin da babu kokwanto a cikinsa bai yi aikin gani ba, ina ga ɗan saƙon da aka rubuta a gaggauce?

Abu na biyu shi ne koyon ladabi da ƙwarewa. Magabata sun san akwai ilmin da ba a samunsa a takarda. Alƙur'ani kansa baki da baki aka karɓo shi, Mala'ika Jibrilu yana zuwa kowane Ramalana yana bitarsa da Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi), a shekarar ƙarshe kuwa sau biyu suka yi. Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya. Mahaifiyar Imamu Malik, sa'ad da za ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta gargaɗe shi ya koyi ladabin malamin kafin ilminsa. Haka abin yake a kowace sana'a. Sabon ma'aikaci yana koyo ne ta kallon yadda babba ke sauraron mai ƙorafi, da yadda yake cewa a'a ba tare da ya ɓata wa mutum rai ba, da yadda yake haƙuri in aiki ya rikice. Yaron da ya fara aiki shi kaɗai a ɗakinsa an ba shi aikin, amma an hana shi malaman.

Masu bincike na zamani sun ga alamar wannan. A shekarar 2021 an buga wani nazari a kan ma'aikatan kamfanin Microsoft fiye da 60,000 a Amurka, game da watannin farko na 2020 da suka koma aiki daga gida. An tarar kowane rukuni ya ƙara rufuwa a kan kansa, hulɗa da mutanen wasu sassa ta ragu. Dalili a fili yake. Ta waya kana kiran wanda kake da buƙata wurinsa ne kaɗai, amma a farfajiya ko wurin alwala kana cin karo da wanda ba ka nema ba, kuma sau da yawa shi ke da maganin matsalarka.

Abu na uku shi ne rayar da zuciya. Malaman lugga sun yi saɓani a kan asalin kalmar "insan". Wasu suka ce daga "unsu" take, watau ɗebe kewa, wasu suka ce daga "nisyan", watau mantuwa. Kowace aka ɗauka ta dace da maganarmu, domin mutum ba ya jure kaɗaici, kuma yana manta wanda ba ya gani. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala (Allah ya yarda da shi), wanda ya tuhumi kansa da munafunci saboda in suna zaune gaban Annabi sai su ji kamar suna ganin Aljanna da Wuta, in sun koma ga iyali da gonaki sai su manta da yawa. Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa kowane hali da lokacinsa. Darasinmu a nan shi ne zama tare yana da wani tasiri a zuciya wanda yake raguwa bayan an rabu, ko da a wurin sahabbai ne. Saboda haka ne shari'a ta rataya lada a kan abubuwan da ba sa yiwuwa sai da jiki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gafara ga Musulmi biyu da suka haɗu suka yi musafaha. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisi ƙudusi, ta hanyar Mu'azun nan da muka ambata, mai tabbatar da ƙaunar Allah ga masu ƙaunar juna da zama tare da ziyartar juna dominsa. Sa'ad da wasu suka yi kukan suna ci ba sa ƙoshi, an ba su magani da su taru a kan abincinsu su ambaci sunan Allah.

A nan ma akwai shaidar zamani. Tsakanin 2010 da 2011 wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip ya gwada barin wasu ma'aikatansa masu amsa waya su yi aiki daga gida har wata 9, tare da masana daga Jami'ar Stanford suna lura. Aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Amma da aka gama gwajin aka ba su zaɓi, wajen rabinsu suka nemi komawa ofis, babban abin da suka yi kuka da shi kuwa kaɗaici. An kuma lura ba a ƙara musu girma kamar waɗanda ake gani kullum. Wannan na ƙarshe ya shafi adalci, kuma gargaɗi ne ga shugabanni, domin wanda ya fi aiki yana iya zama shi aka manta.

TSARIN DA ADDINI YA ZO DA SHI

In ka duba ibadunmu, ya mai karatu, za ka ga an gina su a kan rabuwa da haɗuwa bi da bi. Haruffa uku, jimun da mimun da ainun, su ne tushen kalmar jama'a, da sallar jam'i, da Juma'a, da masallacin jami'i, da ijma'in malamai. Mutanen unguwa suna watsewa neman abinci su haɗu sau biyar a yini, an kuma fifita sallarsu tare da daraja 27 a kan ta mutum shi kaɗai. Mutanen gari suna haɗuwa sau ɗaya a mako, gari da ƙauyukansa sau biyu a shekara a filin Idi, al'umma duka kuwa a Arfa, sau ɗaya a rayuwar mai iko. Gwargwadon nisa, gwargwadon tazarar da ke tsakanin haɗuwa, amma babu matakin da aka ce a daina haɗuwa.

Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi (Allah ya yarda da shi), wanda ya yi halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira, ya ɗauki wannan tsari ya sanya shi cikin mulki. A zamaninsa ƙasar Musulunci ta kai Misra da Sham da Iraƙi da Farisa. Yana Madina, Amru ɗan As yana Misra, Abu Musa yana Basra, wasiƙu suna kaiwa suna komowa, kuma wasiƙarsa zuwa ga Abu Musa a kan alƙalanci har yau ana karantar da ita. Duk da haka bai wadatu da takarda ba. Ya umurci gwamnoninsa su riƙa iske shi a lokacin Haji, sa'an nan ya tara su tare da mutanen ƙasashensu, ya shelanta cewa bai tura su don su doki mutane ko su ƙwace dukiyarsu ba, duk wanda aka zalunta ya tashi ya faɗa. Rahoton da gwamna ya rubuta gwamna ne ya zaɓi abin da zai sa a ciki. A wurin taron kuwa ga mai ƙara ga wanda ake ƙara ga Halifa, babu mai iya ɓoye fuskarsa.

An kuma ruwaito cewa wani mutum ya zo yana yabon wani a gabansa, sai Umaru ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ko ya taɓa tafiya da shi, ko sun taɓa ma'amalar kuɗi. Da ya ce a'a ga dukansu, sai Umaru ya gaya masa bai san shi ba. Mai kamfanin da zai damƙa asusu ko asirin abokan ciniki a hannun wanda bai taɓa gani ba, ya auna kansa da waɗannan tambayoyi uku. Har kamfanonin da suka fi kowa dogaro da aikin nesa sun gane haka. Kamfanin Automattic, mai kula da WordPress.com, ya rufe ofishinsa na San Faransisko a 2017 saboda ba a zuwa, amma a shekarun nan kafin annoba yana tara dukan ma'aikatansa wuri ɗaya sau ɗaya a shekara.

UZURI DA IYAKA

Wani zai ce, Malam, ka manta da tsadar mota da jirgi, da hatsarin wasu hanyoyinmu, da wahalar samun biza? Ban manta ba, shari'a ma ba ta manta ba. Haɗuwar abokan aiki ba farilla ba ce kamar Juma'a, maslaha ce da ake aunawa, kuma tunkuɗe cuta yana gaba da jawo amfani. Umarun nan da kansa ya fita zuwa Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sarga sai shugabannin rundunoni suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya shawarci Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishi, ya yanke a koma. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba da fita daga cikinta don gudu. Mun ga irin wannan da idonmu. A 2019 kusan mutum miliyan 2 da rabi suka yi Haji, a 2020 kuwa ba a bar kowa ya zo daga wajen Saudiyya ba. In har taron Arfa ana iya taƙaita shi saboda kare rai, taron kamfani ya fi cancanta. Haram ne shugaba ya tilasta wa ma'aikaci bin hanyar da galibin zato ke nuna halaka ce.

Kuma mai uzuri ba a tauye darajarsa. Uwaisul Ƙarni ya yi imani yana Yaman, hidimar mahaifiyarsa ta tsare shi bai ga Annabi ba, don haka bai shiga cikin sahabbai ba, tun da sahabi shi ne wanda ya haɗu da Annabi yana mai imani ya kuma mutu a kan haka. Amma an shaide shi da cewa shi ne mafificin tabi'ai, Sayyidina Umaru kuma ya yi ta tambayar ayarin Yaman har ya same shi ya roƙe shi ya nema masa gafara. Ma'aikacin da jinya ko goyo ko rashin lafiya ya hana shi zuwa, sai shugaba ya neme shi, in da hali ya je masa.

Haka nan ba a son a wuce iyaka. Maliku ɗan Huwairisu ya ce sun zo Madina su samari tsararrakin juna, suka zauna kwana 20, da Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya ga sun yi begen iyalinsu sai ya sallame su su koma su koyar da su. Abdullahi ɗan Mas'udu kuwa ranar Alhamis kaɗai yake wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi don kada ya gundure su. Ido wa ka raina, in ji Hausawa, wanda nake gani yau da gobe. Masu aiki a gari ɗaya sau ɗaya a wata ya ishe su, na garuruwa daban-daban sau ɗaya ko biyu a shekara, kwana biyu ko uku.

LADUBBAN TARON

Na farko, kuɗin mota da masauki da abinci suna kan mai aiki, domin don maslahar aikinsa aka zo. Zalunci ne a kira ƙaramin ma'aikaci daga Maiduguri zuwa Abuja ya ci rabin albashinsa a hanya. Kwanakin taro kuma a lissafa su cikin kwanakin aiki.

Na biyu, a guji almubazzaranci. Ba sai babban otal ba. Kamfanin da yake bin ma'aikata bashin albashi ya fara biyansu kafin ya kama ɗakin taro.

Na uku, kada a cika yini da jawabai waɗanda da an aika da su a rubuce sun wadatar. A bar lokacin cin abinci tare da hira da salla cikin jam'i, a kuma ajiye waya. Abin kunya ne mutane su yi tafiyar yini guda su zauna ɗaki ɗaya kowa ya sunkuya a kan allonsa.

Na huɗu, a kawo abubuwa masu nauyi nan: sulhunta waɗanda suka saɓa, da shawara a kan makomar aiki, da nasiha ga wanda ya yi rauni, amma ita nasiha a keɓe. A ba ƙanana dama su yi magana kafin manya, yadda Umaru ya ba talakawa. Abin da aka faɗa a majalisa amana ne, kada a naɗi muryar mutum a ɓoye. Abin da aka yanke kuma a rubuta shi, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Baki da takarda kowanne da aikinsa.

Na biyar, a kiyaye haƙƙin mata. Da yawa daga cikinsu aikin nesa ne ya ba su damar neman halal suna cikin gidajensu, kada taro ya zama sanadin fitar da su daga aikin. A zaɓi wuri da lokacin da za su iya, a sauƙaƙa wa mai zuwa da muharraminta ko jaririnta, a kauce wa keɓewar namiji da mace, musafaha kuma tsakanin jinsi ɗaya take.

Na shida, Musulmin da aka gayyata taro tare da waɗanda ba Musulmi ba ya je da kyakkyawar fuska, domin aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Ya sanar da su tun da wuri lokutan sallarsa da irin abincinsa, ya kuma nemi uzuri cikin ladabi daga teburin da ake shan giya. Sau da yawa halinsa na kwana uku ya fi wa'azin shekara.

Daga ƙarshe, ina jan hankalin ɗana ko ƙanena mai aiki da kamfanin da ke wata nahiya, wanda ba shi da hanyar ganin abokan aikinsa. Wasunku suna bin agogon Amurka, su raya dare gaban kwamfuta, su yi barci rana, sai mako ya wuce ba a gan su a sahu ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abud Darda'i gargaɗi ga mutum uku da ke zaune a ƙauye ko daji ba sa tsai da salla tare, aka kuma buga misali da kerkeci, wanda ba ya cin tunkiya sai wadda ta ware daga garke. Masallacin unguwarku taku ɗari ne daga ƙofarka. Ka nemi masu irin sana'arka a garinku ku riƙa zama ko da sau ɗaya a mako, ka je gaisuwar mutuwa da suna da ƙafarka, ka zauna gaban iyayenka ba waya a hannu. Albashin dala ba zai ɗauki gawarka ba, mutanen da suka san fuskarka su za su ɗauka.

Allah ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu, ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, ya tsare matafiyanmu, ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa da su. Yadda ya tara mu a wannan duniya, ya tara mu a ƙarƙashin inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.